Ƙanena Yana da Farfaɗiya Kuma Yana Neman Aiki: Mu Faɗa Ko Mu Ɓoye?

Yaya Babba, Kano:

Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa cewa uffan ba, amma yau damuwa ta sa dole in buɗe baki. Ina da ƙane, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, shekararsa 29, kuma yana fama da farfaɗiya tun yana ɗan shekara 14, bayan ciwon sanƙarau da ya kwantar da shi a asibiti. Duk da haka ya yi karatu har ya samu difloma a fannin akanta, kuma a gidanmu babu wanda ya kai shi iya lissafi. Shekara biyu da suka wuce ya samu aiki a wani kamfanin kayan masarufi, yana rubuta kayan da suka shiga sito da waɗanda suka fita. Ba mu gaya musu lalurarsa ba, domin mahaifiyarmu ta hana. Ya yi wata bakwai lafiya lau, sai ranar da aka sa su kwana suna ƙidayar kayan ƙarshen shekara, washegari da hantsi ciwon ya kayar da shi a gaban jama'a. Waɗanda suke cin abinci kwano ɗaya da shi suka watse, babu wanda ya taɓa shi sai wani maigadi dattijo. Bayan mako guda aka ba shi albashin wata ɗaya, aka ce ya je ya huta za a neme shi, kuma har yau ba a neme shi ba.

Tun daga lokacin yana zaune a gida. Mutumin da aka sani da fara'a ya koma ko majalisa ba ya fita, kuma ya ce mini babu abin da yake ci masa rai kamar miƙa hannu ya karɓi kuɗin magani daga wurina. Tambayata kashi biyu ce. Akwai wata hukuma ko ƙungiya da take taimaka wa irinsa su samu aiki ko sana'a? Sannan idan Allah ya sa ya sake samu, mu faɗi gaskiya tun farko ko mu sake yin shiru?

Baba Mai Ritaya, Katsina:

Wa'alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba yaron nan lafiya. Na yi shekara 35 ina aikin gwamnati, kuma na zauna a kwamitin ɗaukar ma'aikata ba sau ɗaya ba. Zan gaya miki abin da idona ya gani: duk takardar da aka ga an rubuta farfaɗiya a jikinta, gefe ake ajiye ta, kuma ba wanda zai gaya wa mai ita dalili. Mahaifiyarku ba ta yi kuskure ba. Ya nemi aiki kamar kowa, ya riƙe sirrinsa, idan ya kafu aka san amfaninsa, ko ciwon ya tashi za a ji nauyin sallamarsa. In kuwa aikin ofis ya gagara, ku haɗa kuɗi a dangi ku saya masa adaidaita sahu ya riƙa neman na kansa.

Ma'aikaciyar Jinya, Kaduna:

Baba, cikin girmamawa nake cewa ban goyi bayan shawarwarin nan biyu ba, kuma zan fara da ta biyun saboda rai ne a ciki. Mutumin da farfaɗiyarsa ba ta kwanta ba bai kamata ya tuƙa komai ba, balle ya ɗauki fasinja. Daƙiƙa biyar na ɗaukewar hankali a kan titin Zariya sun isa su halaka shi da duk wanda yake bayansa. A Ingila ma, inda ake bin irin wannan lamari da tsari, sai mutum ya yi shekara guda cur ciwon bai tashi ba kafin a bar shi ya tuƙa motar kansa, kuma sharaɗin motar haya da manyan motoci ya fi haka tsauri nesa ba kusa ba.

Game da ɓoyewa kuwa, labarin da Yaya ta bayar shi ne hujjata. Rashin barci yana cikin manyan abubuwan da suke tayar da farfaɗiya, tare da tsallake magani, da zazzaɓi, da yawan damuwa. Da shugabansa ya san halin da yake ciki, da akwai damar ya ce a cire shi daga aikin kwana, amma da yake an ɓoye, shi kansa bai da bakin neman uzuri. Yaya, kafin mu je ga batun hukumomi, ina so ki amsa mini abu uku: wane magani yake sha, yaushe rabonsa da ganin likita, kuma sau nawa yake faɗuwa yanzu?

Yaya Babba, Kano:

Na gode, Anti. Carbamazepine yake sha, wanda aka rubuta masa tun da daɗewa, muna saye a kemis ɗin unguwa. Rabonsa da likita ya kai shekara uku. Yana faɗuwa kamar sau ɗaya a wata biyu. Kuma gaskiyar da ban faɗa ba ita ce, na gano idan ya ga magani ya kusa ƙarewa yakan raba ƙwaya biyu, ko ya sha sau ɗaya a rana maimakon sau biyu, don kada ya tambaye ni kuɗi.

Ma'aikaciyar Jinya, Kaduna:

To, 'yar uwa, ga inda neman aikin zai fara. Irin waɗannan magunguna suna aiki ne idan adadinsu a cikin jini bai yi ƙasa ba, don haka wanda yake rage ƙwaya ko yake tsallake lokaci yana buɗe wa ciwon ƙofa da hannunsa, kuma dainawa kwatsam ta fi komai haɗari, domin tana iya jawo faɗuwar da take daɗewa ba ta tsaya ba. Mai yiwuwa ne faɗuwar da yake yi duk wata biyu daga nan take, mai yiwuwa kuma adadin da aka rubuta masa yana saurayi ya yi masa kaɗan yanzu. Likita ne kaɗai zai raba wannan gardama. Ku nemi a tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tunda kuna kusa. Mu a nan akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, na Zariya kuma suna da asibitin koyarwa na Shika. Idan likita ya ga da buƙata zai sa a yi masa gwajin EEG, wanda yake auna yadda lantarkin ƙwaƙwalwa yake gudana, kuma idan carbamazepine bai karɓe shi ba akwai wasu kamar sodium valproate da levetiracetam da phenobarbitone.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kimanin miliyan 50 ne suke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 daga cikinsu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin tamu, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba idan aka gano ciwon daidai aka ba su maganin da ya dace. Na kawo wannan ne don ki ga cewa ƙanenki, wanda yake faɗuwa sau shida a shekara alhali ba ya shan magani yadda aka ce, yana da kyakkyawan zato sosai. Ku fara rubuta ranar kowace faɗuwa a littafi, da abin da ya gabace ta, ku tafi wa likita da shi. Sannan ku roƙi likitan ya rubuta takarda mai bayyana irin aikin da zai iya da wanda ya kamata ya guje wa. Wannan takarda ta fi roƙon dangi tasiri a gaban mai ɗaukar aiki.

Malam Lauya, Abuja:

Bari in shigo ta ɓangaren doka, domin abin da aka yi wa wannan bawan Allah ba ƙaramin abu ba ne. Akwai Dokar Haramta Nuna Wariya ga Masu Nakasa ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2019. Ta haramta nuna wa mutum bambanci saboda nakasarsa, ta tanadi tarar naira miliyan 1 ga kamfanin da ya saɓa, mutum ɗaya kuma tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun. Ta kuma ce ma'aikatun gwamnati su yi iya ƙoƙarinsu su ga cewa aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu masu nakasa ne. Wannan kason gwamnati kaɗai ya shafa, amma haramcin wariya ya hau kan kowa. Dokar ce ta kafa Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2020.

Mutane da yawa suna zaton dokar ta guragu da makafi da kurame ce kawai. Ma'anar nakasa a cikinta ta fi haka faɗi, domin ta haɗa da duk lalura mai daɗewa ta jiki ko ta ƙwaƙwalwa ko ta gaɓɓan ji da gani, wadda idan ta haɗu da shingayen da al'umma take gindayawa takan hana mutum shiga harkokin rayuwa daidai da kowa. A fahimtata, farfaɗiyar da ta kai shekara 15 kuma ta raba mutum da aikinsa ta shiga wannan ma'ana, muddin akwai rahoton likita. Shawarata ita ce ya yi rajista da hukumar, ya kuma nemi reshen JONAPWD na jiharsa, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu buƙata ta musamman, domin sau da yawa ta hannunsu labarin guraben aiki da na horo yake fara fitowa. Game da sallamar da aka yi masa, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da reshe a Kano, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam tana karɓar koke kyauta. Sai dai ba zan ɓoye miki ba, idan ba shi da takardar kama aiki, kuma ba a rubuta dalilin sallamar ba, shari'ar za ta yi wuya kuma za ta ci lokaci.

Baba Mai Ritaya, Katsina:

Na janye maganar adaidaita sahu, 'yata mai jinya ta fi ni gaskiya, kuma na gode da gyaran. Amma Malam Lauya, doka a takarda daban, abin da ake yi a ofis daban. Shekara nawa da sanya hannun nan, ma'aikatu nawa ka sani da suka cika kashi biyar ɗin? Sannan ku duba wani abu. Yaron nan bai yi aure ba. Ranar da sunansa ya shiga rajistar masu nakasa, magana za ta zaga, kuma kun san yadda iyayen 'yan mata suke binciken asali. Ina tsoron kada a je neman ƙiba a samo rama.

Tela, Zariya:

Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ina ganin ya kamata a ji daga bakin mai ciwon, domin ni ma ina da farfaɗiya, shekarata 41, ina da mata da 'ya'ya uku, kuma ina da shagon ɗinki da yara huɗu suke koyon aiki a ƙarƙashina. Rabona da faɗuwa ya fi shekara shida, amma ko kwana ɗaya ban taɓa fashin magani ba.

Baba, na gwada hanyar ɓoyewa, kuma ban ga abin da ya kai ta gajiyarwa ba. Kullum kana aiki rabin hankalinka yana kan tsoron kada yau ce ranar tonon asiri, kana ɓuya a bayan gida don ka haɗiyi ƙwaya, kuma wannan fargabar kanta tana tayar da ciwon. Da na koma wurin maigidana na biyu, wanda ya koya mini yankan kaya, ranar farko na ce masa ina da magana. Na gaya masa abin da nake da shi, da abin da zai gani idan ta tashi, da abin da nake so a yi mini. Ya yi shiru, sannan ya ce a matsar da kekena daga kusa da dutsen guga, shi ke nan. Sau biyu na faɗi a shagonsa, kuma duka biyun na farfaɗo na tarar an juya ni gefe guda an sa mini tsumma a ƙarƙashin kai, babu taron jama'a a kaina. Ban ce kowane maigida haka yake ba, domin kafin shi mutum biyu sun ce mini babu gurbi da zarar na faɗa. Amma wanda ya ƙi ka a ranar farko ya rage maka wahalar da za ka sha a wata na bakwai.

A kan rajista kuwa, ina tsakanin Baba da Lauya. Ni ban yi ba, domin ban buƙace ta ba, kuma ban ɗauki kaina nakasasshe ba. Wanda yake neman aikin gwamnati da difloma a hannu, wataƙila ta amfane shi. Sai dai, Yaya, akwai abin da ban ji ba a duk bayaninki. Mahaifiyarku ta ce a ɓoye, ke kina neman hanya, mu muna ta ba da shawara, amma shi me yake so? Kun zaunar da shi kun tambaye shi? Shekararsa 29. Mu masu wannan ciwo, abin da ya fi faɗuwar yi mana zafi shi ne yadda dangi suke yanke mana hukunci saboda ƙauna, kamar ba ma wurin.

Malamin Islamiyya, Sakkwato:

Ina so in ƙara a kan maganar Malam Tela, saboda mahaifiyarsu da ire-irenta. Ya tabbata a Bukhari da Muslim, daga Ibn Abbas, cewa wata mata ta zo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta faɗa masa a fili cewa tana farfaɗiya kuma jikinta yana buɗewa, ta nemi addu'a. Ba ta ɓoye ba, ba a kuma guje ta ba, har Ibn Abbas yana nuna ta a matsayin mace 'yar Aljanna. Don haka babu abin kunya a ciwon nan. Addu'a da ruƙiyya ta shari'a ba sa hana zuwa asibiti, kuma duk wanda ya ce wa mara lafiya ya ajiye maganin likita don ana yi masa maganin iska, ya ɗauki alhakin abin da zai biyo baya.

Mai Shagon Waya, Kano:

Yaya, ni ɗan kasuwa ne a Farm Centre, zan yi magana a kan abin da na sani. Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, NDE, tana da ofis a kowace jiha, kuma tana da tsarin tura matasa koyon sana'a wurin masu sana'ar. Hukumar ITF, wato asusun horar da ma'aikatan masana'antu, ita ma tana horar da mutane, SMEDAN kuma tana kula da masu ƙananan sana'o'i. Ya je ya cike fom a duk inda aka buɗe, amma kada ku zauna jiran su, domin masu nema sun ninka guraben. Abin da na ga yana aiki a garin nan shi ne a kai mutum hannu da hannu wurin maigidan da ya san danginsa.

Kuma kada ku raina abin da yake hannunsa. A Kantin Kwari da Singa da Dawanau akwai manyan 'yan kasuwa da dukiyarsu take zurarewa saboda rashin amintaccen mai riƙe littafi. Wanda ya iya lissafin sito, ya iya kwamfuta, yana da gaskiya, ba ya rasa mai so. Aiki ne na zaune, na rana, babu wuta babu hawa sama. Abin da zan ce a guje masa shi ne gini, da walda, da injin niƙa, da duk aikin da ake yi a bakin wuta ko a bakin ruwa, kamar suya da rini. Sana'ar POS tana da kyau, amma kada ya zauna shi kaɗai da kuɗi a bakin titi, a samu wanda za su riƙa zama tare. Anti mai jinya, don Allah ki rubuta mana abin da ake yi wa mutum idan ya faɗi, domin ni kaina abin da na taso na gani shi ne a tura masa cokali a baki.

Ma'aikaciyar Jinya, Kaduna:

Kada a sa masa komai a baki, ko cokali ko yatsa ko ruwa, domin mutum ba ya haɗiye harshensa, cokalin kuwa yana karya haƙori. Kada a danne shi, kada a kwara masa ruwa, kada a yi masa hayaƙi. A kawar da abin da zai ji masa rauni, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, a sassauta wuyan rigarsa, a duba agogo, idan jijjigar ta lafa a juya shi ya kwanta a gefensa don yawu ya fita. Yawanci cikin minti biyu ko uku take wucewa. Idan ta haura minti 5, ko ta sake tashi bai farfaɗo ba, ko ya ji rauni mai tsanani, a garzaya asibiti. A zauna tare da shi har hankalinsa ya dawo, a kori 'yan kallo. Kuma a gaya wa abokan aiki da babbar murya cewa farfaɗiya ba ta yaɗuwa, ko ta yawu, ko ta kumfar baki, ko ta cin abinci tare.

Yaya Babba, Kano:

'Yan uwa, na dawo bayan mako uku don in sanar da ku inda aka kwana. Malam Tela, maganarka ta hana ni barci, domin gaskiya ban taɓa tambayarsa ba. Na zaunar da shi na karanta masa duk abin da kuka rubuta. Ya ce ba ya son shari'a da tsohon wurin aikinsa, kuma rajistar da Malam Lauya ya ambata zai yi tunani a kanta, ba yanzu ba. Ya ce lissafi yake so ya koma, kuma shi da bakinsa zai gaya wa duk wanda zai ɗauke shi, ba ni ba, ba mahaifiyarmu ba. Hajiya ta yi kuka da farko, amma da ƙanenta ya karanta mata hadisin da Malam ya kawo, ta ce Allah ya yi masa jagora.

Mun ga likita, ya gyara masa adadin maganin, ya ba mu ranar gwajin EEG, ya kuma ce zai rubuta takardar bayan ya ga sakamakon. Kuɗin magani mun raba shi tsakanina da yayyenmu maza biyu, ana saye na wata uku a ajiye, shi kuma ya dage sai an rubuta a matsayin bashin da zai biya. Mijina ya kai shi wurin wani abokinsa mai sayar da atamfa, suka keɓe su biyu ya yi masa bayani. Alhajin ya ce ya fara zuwa ranar Asabar a gwada wata guda, daga safe zuwa la'asar, ya kuma nemi a kawo masa bayanin Anti a rubuce ya karanta wa yaran shagonsa. Ƙanena ya kwafe shi da hannunsa jiya da daddare. Anti, yana tambaya ko ya ƙara lambar wayata a ƙasan takardar, ko ta likita ta fi dacewa?

Ma'aikaciyar Jinya, Kaduna:

Ya sa taki da ta ɗaya daga cikin yayyenku maza, wanda ya fi kusa da kasuwar, sannan ya rubuta sunan maganinsa da adadin da yake sha. Ya ajiye kwafi ɗaya a aljihunsa kullum, da ƙwayoyin rana guda a cikin jakarsa, saboda ranar da aiki zai riƙe shi ya wuce lokacin shan na yamma.